Likita Miller, Wanda Ya Haɗa Mu Kan Littafi Ɗaya

An haifi Likita Walter Miller a Ingila a 1872. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell na mishan ɗin C.M.S., amma Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba. Bai karaya ba. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya yana magani da koyarwa, aikin da daga baya ya koma Wusasa.

Babban gadonsa shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Bai yi shi kaɗai ba, ya zauna da Hausawa masu bi da ma'aikatan wasu mishan har aka buga shi a 1932. Ya rasu a 1952.

Mu a nan Wudil ba mu da yawa, duk da haka kowace ɗariƙa takan ja gefenta ran Lahadi. 'Yan'uwa, in iyayenmu cikin bangaskiya sun iya haɗa kai kan fassara ɗaya, me zai hana mu haɗa sujada, ko da sau ɗaya a wata? Ubangiji ya taimake mu, amin.