Jon Postel: Mutumin Da Ya Riƙe Amanar Intanet

Gabatarwa

Idan ana lissafa mashahuran mutane a fagen kwamfuta, sunayen masu manyan kamfanoni ne ke fara zuwa baki. A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in kawo tarihin wani Ba'amurke da ya ƙare rayuwarsa yana ma'aikacin jami'a, wato Jon Postel. Dalilina shi ne, duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai manhajar Linux yana neman abin da ya hana wasiƙar i-mel tafiya, ko abin da ya sa kwamfutoci biyu na gida ɗaya suka ƙi ganin juna, to ƙa'idojin da wannan mutum ya rubuta yake bi, ko ya sani ko bai sani ba. Ni ma wajen irin wannan gyara a garinmu Madakiya, kusa da Kafanchan, na riƙa cin karo da sunansa a saman takardun da nake dubawa.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Jonathan Bruce Postel ranar 6 ga Agusta, 1943, a garin Altadena na jihar Kalifoniya. Ya yi sakandare a Van Nuys, makarantar da Vint Cerf da Steve Crocker suka yi, waɗanda daga baya suka zama abokan aikinsa. Daga nan sai ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ya sami digiri na farko a 1966, na biyu a 1968, da na uku a 1974.

Yana ɗalibi ne aka fara aikin ARPANET, wadda ita ce kakar intanet, kuma yana cikin matasan da suka haɗa kwamfutar jami'arsu da ita a 1969. A shekarar ce Crocker ya ƙirƙiro jerin takardun da ake kira RFC, inda ake rubuta yadda kwamfutoci za su yi magana da juna. Postel ya zama editan waɗannan takardu, ya riƙe aikin kusan shekara talatin. A 1977 ya koma Cibiyar Kimiyyar Bayanai ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma a nan ya zauna har rasuwarsa. An san shi da dogon gemu da takalmi sandal da rashin son a kambama shi.

Ayyukansa Da Amfaninsu Ga Mai Gyara

Postel ya rubuta, shi kaɗai ko tare da wasu, takardun RFC sama da 200. A 1981 ya fitar da masu lamba 791 da 792 da 793, waɗanda suka fayyace ƙa'idojin IP da ICMP da TCP. A watan Agusta na 1982 kuma ya fitar da mai lamba 821, wadda ta kafa SMTP, hanyar aika i-mel.

Ga yadda waɗannan lambobi ke shiga aikina. Idan hanyar sadarwa ta gida ta tsaya, nakan fara da kebul da fitilar katin sadarwa, domin ƙura da zafi da ɗaukewar wuta sun fi komai lalata mana kaya. In sun yi daidai, sai in yi amfani da umarnin ping in ga ko ɗayar kwamfutar za ta amsa. Shi kuwa ping a kan ICMP yake tafiya. In wasiƙa ce ta maƙale, sai in ƙwanƙwasa ƙofa ta 25 ta uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓa da raba wasiƙu, in rubuta mata umarni da hannu: HELO don gaisuwa, MAIL FROM don mai aikawa, RCPT TO don mai karɓa. Idan ta amsa da 250, ta yarda. Lamba mai farawa da 4 na nufin matsalar ta ɗan lokaci ce, a sake gwadawa. Mai farawa da 5 kuwa an ƙi wasiƙar ke nan. An sabunta takardar a 2001 da 2008, amma wannan ginshiƙi yana nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne takardun kyauta suke ga kowa. Wannan ne ya ba masu rubuta manhajoji irin su Sendmail da Postfix damar aikinsu, ya kuma ba ƙananan ƙungiyoyi damar shiga a dama da su. Misali a yankinmu shi ne Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco a Kafanchan, wadda ta ci lambar yabo ta Hafkin a 2001, daga baya kuma ta kafa hanyar sadarwa maras waya mai suna ZittNet.

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina masa, wadda ma'anarta ita ce kwamfuta ta tsananta wa kanta a abin da take aikawa, ta yi sassauci a abin da take karɓa. Sai dai wannan kyakkyawan zato yana da illa. SMTP ta farko ba ta tantance mai aikawa, shi ya sa 'yan damfara, har da masu 419 da suka ɓata sunan ƙasarmu, suka sami kafa. Daga baya ne aka ƙaro matakai irin su SPF da DKIM.

Amanar Sunaye Da Rikicin 1998

Babban nauyin da ya ɗauka shi ne jagorancin IANA, ofishin da ke rajistar lambobi da sunayen intanet don kada biyu su yi karo. A takarda mai lamba 1591 ta 1994 ya bayyana cewa mai riƙe da sunan ƙasa amintacce ne na al'umma, hidima ce a kansa, ba mallaka ba. A zamaninsa aka ba Nijeriya sunan .ng a 1995, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ta karɓi kula da shi daga baya.

Ranar 28 ga Janairu, 1998, ya aika wa masu kula da takwas daga cikin manyan kwamfutocin tushen sunaye saƙo cewa su riƙa ɗaukar jerin sunaye daga IANA maimakon kamfanin Network Solutions. Duk suka bi, saboda yardar da suka yi da shi. Gwamnatin Amurka, ta bakin Ira Magaziner mai ba Shugaba Clinton shawara, ta sa a mayar da komai yadda yake. Postel ya ce gwaji ne, wasu kuwa sun ɗauke shi a matsayin nuna wa gwamnati iyakarta. A watan Satumba na shekarar aka kafa ICANN, kuma sai a Oktoba 2016 gwamnatin Amurka ta saki sa ido a kan ayyukan IANA.

Rasuwarsa

Postel ya rasu ranar 16 ga Oktoba, 1998, yana da shekara 55, bayan tiyatar zuciya. Vint Cerf ya rubuta masa ta'aziyya a matsayin RFC mai lamba 2468. Ƙungiyar Internet Society ta kafa lambar yabo da sunansa, wadda Nii Quaynor na Gana ya samu a 2007.

Kammalawa

Darasin da na ɗauka ya shafe mu a wannan sashe. Postel ya rubuta ilimi a fili, cikin sauƙi, ya bar shi ga kowa, amma da Turanci yake. Matasan da ke gyaran kwamfuta a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Hausa suke yi wa juna bayani. Ina ganin ɗaliban Hausa ne ya kamata su zauna da su, a tsara kalmomi, a rubuta bayanin waɗannan ƙa'idoji da harshen da ake aiki da shi a shagunansu.