Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da hanyar da ilimi ya bi zuwa gona

A duk lokacin da malamin gona ya tara manoma a ƙarƙashin bishiya yana nuna musu sabon iri, yana tafiya ne a kan turbar da aka share tun kafin a kafa jami'a ko ɗaya a Arewa. A ƙasar Katsina, share wannan turba ya faru ne a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

An haifi Dikko a wajajen 1865 a zuriyar Sulluɓawa, ɗa ne ga Durɓi Gidado, kuma shi ma ya riƙe sarautar Durɓi. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero, suka naɗa shi a madadinsa. Ke nan ya hau karaga ba daga gidan Dallazawa da suka gaji sarautar ba, a lokacin da jama'a ke ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga hannun Bature. Sauran abin da ya rage masa shi ne ya nuna cancantarsa da aiki.

A farkon mulkinsa aka kafa baitulmali a Katsina, wanda ya zama abin koyi ga sauran masarautu. A 1921 ya tafi aikin Hajji, ya bi ta Ingila, inda ya gana da Sarki George na Biyar. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai, makarantar da ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Amma mafi yawan talakawansa manoma ne waɗanda ba za su taɓa shiga aji ba. Su makarantarsu gona ce, kuma gani ya kori ji. A shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, jirgin ƙasa ya iso Funtuwa, garin ya zama cibiyar saye da gurzar auduga. Daga ƙarshen waɗannan shekaru Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da garmar shanu da amfani da takinsu, ana ba manomi rancen shanu da garma daga asusun En'e, ya riƙa biya sannu a hankali. Irin wannan aiki ba ya tafiya sai da hannun sarki, domin ta hakimai da dagatai ake raba angurya, ta bakinsu kuma saƙo ke isa ƙauye. Dikko ya ba da wannan hannu.

Gaskiya ce cewa Turawa ba don Allah suka yi ba. Masaƙun Ingila ke bukatar auduga, manomi kuwa yana nomanta ne don ya sami kuɗin haraji, kuma sau da yawa abin da ake kira shawara umarni ne. Duk da haka, auduga ta ja baya, Turawa sun tafi, garmar shanu tana nan a gonakin Katsina, saboda manomi ya gwada ya ga amfaninta.

Dikko ya rasu a 1944 bayan shekara 38 a kan gado, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Bai ga inda aikin ya kai ba. A 1962 Ahmadu Bello, ɗalibin kwalejin nan ta Katsina, ya kafa jami'a a Zariya, aka mayar da tashar binciken noma ta Samaru ƙarƙashinta. A 1963 aka buɗe sashen da zai riƙa kai sakamakon bincike ga malaman gona da manoma, wanda ya bunƙasa ya zama cibiyar NAERLS ta yau, mai wallafa ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo da Hausa.

Yanzu jihar Katsina tana da jami'o'inta, har da tsangayar aikin gona a Dutsin-ma. Tambayar da ta fuskanci zamanin Dikko ita ce ke gabansu: wa zai ɗauki abin da aka gano a ɗakin bincike ya kai shi Batsari ko Kaita kafin ruwan shuka ya sauka, kuma ta bakin wa manomi zai yarda da shi? Allah Ya jiƙan Sarki Dikko, Ya kyautata makwancinsa.