Buka Washinton, Bawan da Ya Gina Kwaleji

An haifi Buka T. Washinton cikin bauta a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka a shekarar 1856. Yana da shekara tara aka 'yanta bayi. Tun yana yaro ya yi aiki wurin dafa gishiri da ramin haƙar kwal, amma ransa yana ga karatu. A 1872 ya kama hanyar makarantar Hamton, tafiyar wajen mil 500, wani wuri a ƙafa. Da ya isa, malama ta ga shi duƙun-duƙun, sai ta ba shi tsintsiya ya share ɗaki. Ya share, ya goge, har ba ta sami ƙura ko kaɗan ba. Jarrabawarsa ta shiga ke nan. Da aikin shara ya riƙa biyan kuɗin abincinsa har ya gama a 1875.

A 1881 aka kira shi Taskigi a jihar Alabama don ya buɗe makarantar horon malamai ta baƙaƙen fata, irin tamu ke nan. To, gwamnatin jihar ta yanka dala 2,000 a shekara don albashin malamai, amma ba ta ba da ko sisi na fili ko gini ba. Ranar 4 ga Yuli ya fara da ɗalibai 30 a wani tsohon ɗaki kusa da coci. In ana ruwa, sai wani ɗalibi ya riƙe masa laima yana koyarwa.

Ya ci bashi ya sayi wata tsohuwar gona mai eka 100. Ya ce ɗalibai su za su gina ɗakunansu da hannunsu. Wasu suka yi gunaguni, don a ganinsu karatu shi ne hanyar rabuwa da fartanya. Sai ya ɗauki gatari ya shiga gaba. Gasa tubali ma ya ba su wuya ainun: sau uku aikin yana lalacewa, kuɗi suka ƙare. Ya jinginar da agogonsa a kan dala 15, aka sake na huɗu, ya yi kyau.

Amma aikin da ya fi cin ƙarfinsa shi ne neman taimako. Shi da malama Olibiya Debidson, wadda ya aura daga baya, suka riƙa zaga biranen arewacin Amurka gida gida, wani ya ba su, wani ya rufe ƙofa. Sannu a hankali manyan attajirai suka yarda da shi. Andiru Kanegi ya ba da dala 20,000 na ginin ɗakin littattafai, a 1903 kuma ya ƙara 600,000. A 1896 Washinton ya jawo masani Joj Washinton Kaba, wanda ya yi ta bincike a kan gyaɗa da dankali, yana koya wa manoma yadda za su farfaɗo da ƙasar da auduga ta gajiyar.

Sai dai kuɗin nan ba a banza suka zo ba. Don kada ya ɓata wa fararen fata masu bayarwa rai, a bainar jama'a bai cika matsa wa dokokin wariya ba. Dokta Du Bois ya soke shi a kan haka a 1903, yana ganin baƙar fata na bukatar ilmi mai zurfi da 'yancin ƙuri'a, ba sana'a kaɗai ba. A ganina Du Bois yana da gaskiya. Amma bayan mutuwar Washinton an gano yana biyan kuɗin lauyoyi a ɓoye don a ƙalubalanci waɗannan dokoki a kotu.

Ya rasu ranar 14 ga Nuwamba 1915, aka binne shi a harabar makarantar, cikin kabarin tubalin da ɗalibai suka gina. A 1985 Taskigi ta zama jami'a.