LUDWIG NA BIYU: SARKIN DA WAƘA TA SACE WA ZUCIYA

A wannan mako mun kawo wa masu karatu tarihin wani sarki na ƙasar Jamus wanda bai taɓa tsara waƙa ko guda ba, amma duk inda ake zancen kiɗan Turawa na ofera sai an ambaci sunansa. Shi ne Ludwig na Biyu, Sarkin Bafariya.

An haife shi ran 25 ga watan Agusta 1845 a fadar Nymphenburg da ke Munik. Yana yaro akan kai shi gidan hutun mahaifinsa, Sarki Maximilian na Biyu, a Hohenschwangau, inda aka zana jaruman tatsuniyoyin Jamusawa a jikin bangaye. Cikin Fabrairu 1861, yana ɗan shekara 15, ya je kallon wata ofera mai suna Lohengrin, ta Richard Wagner. Ita ofera wasan kwaikwayo ce, amma maimakon magana sai 'yan wasan su rera labarin da waƙa, makaɗa masu yawa suna raka su da goge iri iri da ƙahoni. Yaro ya ga jarumin da ya saba gani a bango ya fito da rai yana waƙa. Tun daga ran nan ba shi da zance sai na Wagner.

A watan Maris 1864 mahaifinsa ya rasu, aka naɗa shi yana da shekara 18. Ko wata biyu bai cika a gadon sarauta ba ya aiki sakatarensa ya nemo masa Wagner. Aka same shi a Stuttgart yana ɓuya saboda masu binsa bashi. Suka sadu ran 4 ga Mayu. Sarki ya biya masa bashi, ya ba shi gida, ya yanka masa albashi. Da wannan gata ne aka fara nuna Tristan da Isolde a Munik cikin Yuni 1865, wasan da aka yi ta gwadawa a Biyanna fiye da sau 70 aka bari don wuya.

Amma fa ministoci ba su ji daɗi ba, gama Wagner mutum ne mai almubazzaranci, ga shi kuma ya fara tsoma baki cikin sha'anin mulki. Suka matsa, ala tilas Sarki ya sallame shi cikin Disamba 1865. Wagner ya koma Suwizalan, Sarki kuwa ya ci gaba da biya masa kuɗin haya. A watan Mayu 1866, sa'ad da yaƙi da Furushiya ke bakin ƙofa, sai ya sulale a ɓoye ya tafi taya Wagner murnar ranar haihuwarsa. Aka yi yaƙin, Bafariya ta goyi bayan Ostiriya, aka ci su. A 1871 ta shiga ƙarƙashin Daular Jamus, ikon Sarki ya ragu ƙwarai.

Daga nan ya ƙara janye jiki daga jama'a. Tsakanin 1872 da 1885 an yi masa wasa fiye da sau 200 shi kaɗai a zauren wasa, don ba ya son a zuba masa ido yana sauraro. A 1874, da ginin zauren wasan Wagner a Bayreuth ya tsaya don rashin kuɗi, shi ne ya ba da rancen da aka ƙarasa shi, aka buɗe a 1876. Bugu da ƙari ya duƙufa kan gine-gine, musamman fadar Neuschwanstein da aka fara a 1869, wadda aka ƙawata ɗakunanta da labaran wasannin Wagner. Wagner ya mutu a 1883, amma gini bai tsaya ba, har bashin da ke kan Sarki ya kai wajen mak miliyan 14.

Ministoci suka ji yana shirin sauke su, suka riga shi. Cikin Yuni 1886 likitoci huɗu suka sa hannu cewa ya sami taɓin hankali, alhali ba su duba shi ba. Aka tsare shi a gidan Berg. Ran 13 ga Yuni aka tsinci gawarsa a tafkin Starnberg, tare da ta shugaban likitocin, Dokta Bernhard von Gudden. Hukuma ta ce shi ya hallaka kansa, waɗansu kuwa suka ce kashe shi aka yi. Shekararsa 40.

Ba za a wanke shi daga laifin sakaci da mulki ba. Amma mako bakwai bayan mutuwarsa aka buɗe Neuschwanstein ga 'yan kallo, har yau kuma baƙi ba su yanke ba. Zauren Bayreuth ma yana nan, ana taruwa cikinsa lokacin zafi don jin Wagner. Abin da aka tuɓe Sarki a kansa, shi ne abin da Bafariya ke tunƙaho da shi.