Emanuel Lasker, Gwanin Da Ya Ƙi Miƙa Wuya

An haifi Emanuel Lasker a ƙasar Jamus cikin shekarar 1868. Masanin lissafi ne mai digirin dakta, amma da darar Turawa, watau ces, duniya ta san shi. Ya riƙe kambin duniya shekara 27, daga 1894 har 1921 da Capablanca ɗan Kyuba ya karɓe.

A gasar New York ta 1924, yana da shekara 55, ya shiga tsaka mai wuya a hannun takwaransa Edward Lasker. Sarki da doki kaɗai suka rage masa. Edward kuwa yana da sarki da hasumiya da soja guda, wanda in ya kai ƙarshen allo zai zama sarauniya. Duk da haka Lasker bai karaya ba. Dokinsa ya tare wa sojan hanya, sarkinsa ya manne masa, hasumiyar ta koma gadinsa kawai. Bayan taku 103 aka tashi kunnen doki. Daga ƙarshe shi ya lashe gasar, Capablanca na biye.

Mulkin Hitler ya raba shi da Jamus a 1933, domin Bayahude ne. Ya mutu a New York cikin 1941.