Sardauna Ahmadu Bello, Malamin Makaranta da Wasan Fayis

Mutane da yawa sun san marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello a matsayin Firimiyan Jihar Arewa, amma kaɗan ne ke tunawa da cewa ya fara aiki ne yana malamin makaranta mai horar da yara a aji da filin wasa.

An haife shi a Rabah cikin lardin Sakkwato a shekarar 1910. Bayan ya gama makarantar lardi, sai ya shiga Kwalejin Katsina a 1926. A can ya riƙa buga fayis, wasan da malamai Turawa suka kawo daga Ingila, wanda mutum biyu ke karawa da mutum biyu, suna dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango a wani fili mai katanga uku. Wasan ya karɓu a ƙasar nan domin ba shi da tsada: bangon ƙasa da ƙwallon tanis sun wadatar. Ahmadu, dogo kuma ƙaƙƙarfa, ya gwanance har ya zama kyaftin ɗin fayis na kwalejin.

A 1931 ya koma gida yana koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato, inda yakan sauka fili tare da ɗalibansa bayan an tashi daga aji. Shekara uku kacal ya yi, domin a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 kuma ya zama Sardauna.

Abin lura shi ne sarauta ba ta raba shi da wasan ba, haka ma mulki. Ko bayan da ya zama Firimiya a 1954, yakan tuɓe babbar riga da maraice a Kaduna ya kara da ministoci da manyan ma'aikata, yawancinsu tsofaffin 'yan Katsina. A ganinmu wannan ya fi kowace takardar umurni tasiri, gama shugaban makarantar da ya ji Firimiya na buga fayis ba zai bar filinsa ya rushe ba. Ta haka wasan ya ƙara kafuwa a makarantun Sakkwato, Katsina, Birnin Kebbi da Zariya.

An kashe shi a gidansa da ke Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Babban filin wasanni na Kaduna sunansa yake ɗauke da shi, haka kuma Kofin Sardauna da 'yan fayis na jihohin Arewa suka riƙa takara a kansa bayan rasuwarsa.