Terry Fox: Ɗalibin da Ya Yi Gudun Kilomita 5,373 da Ƙafar Roba

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya fito daga yankin Birnin Gwari kamar ni ya san nisan hanyar da ta haɗa mu da Kaduna, ta Buruku, ga daji dama da hagu. To, ku ƙaddara wani ya yi wannan tafiyar a guje cikin kwana uku, ya juyo, ya sake, har wajen sau 40, kuma da ƙafa ɗaya. Abin da wani ɗalibi ɗan Kanada mai suna Terry Fox ya yi ke nan a 1980.

An haife shi ranar 28 ga Yuli, 1958, a birnin Winnipeg, ya girma a Port Coquitlam da ke yammacin ƙasar. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun yana sakandare Terry ya ƙwallafa rai a kan ƙwallon kwando, alhali ba shi da tsayi, bai kuma iya ba. Malamin wasanninsu ma ya ba shi shawara ya nemi wani wasan. Yaron nan ya ƙi barin ƙwallon kwandon. Ya yi ta naci har a shekararsa ta ƙarshe aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan makaranta, tare da amininsa Doug Alward. Daga nan ya shiga Jami'ar Simon Fraser, yana karatun motsa jiki da niyyar zama malamin wasanni.

A watan Nuwamban 1976 ya yi hatsarin mota, ya bugu a gwiwar dama. Ciwon ya tafi ya dawo, shi kuwa ya share, yana jira a gama kakar wasa. Ka san halinmu matasa. A watan Maris na 1977 abin ya ci tura, aka je asibiti, likitoci suka gano sankarar ƙashi ce, irin wadda ke yawan kama samari da 'yan mata a kusa da gwiwa. Ba hatsarin ne ya jawo ta ba, hankalinsa kawai ya kai wurin. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, yana da shekara 18.

Mako uku bayan aikin ya fara takawa da ƙafar roba. Ya shafe wata 16 yana karɓar maganin kemo, kuma a can ne ya ga abin da ya sauya shi: yara ƙanana suna fama, wasu suna rasuwa a gabansa. An gaya masa cewa damar tsirarsa kashi 50 ce cikin 100, alhali shekara biyu kafin nan kashi 15 ce kawai. Bincike ne ya kawo wannan bambanci, bincike kuwa sai da kuɗi. Ya riga ya karanta labarin Dick Traum, mai ƙafar roba da ya kammala gudun fanfalaki na birnin New York. Sai ya ƙudurta zai ratsa Kanada a guje daga gabas zuwa yamma, ya tara dala ɗaya daga kowane ɗan ƙasa. A lokacin su miliyan 24 ne.

A nan nake so 'yan injiniya su kasa kunne. Ƙafar da Terry ya yi gudu da ita don tafiya aka ƙera ta, da ƙarfe da roba mai tauri, ana ɗaure ta da bel a ƙugu. Idan ya jefa ta, sai ta ɗauki lokaci kafin ta miƙe, dole ya yi tsalle sau biyu a kan mai lafiyar yana jiran ta. Kwaroron da dungulmin cinyarsa ke shiga yana gurzar fata har jini ya fito. Haka ya yi atisaye na wata 14, ya ci sama da kilomita 5,000 tun kafin ainihin gudun.

Ranar 12 ga Afrilu, 1980, ya tsoma ƙafar robar a Tekun Atlantika a garin St. John's, ya kama hanya. Doug na biye da shi a mota, daga baya ƙaninsa Darrell ya haɗu da su. Kullum tun kafin asuba yake tashi, ya yi abin da ya kusa kilomita 42. Farkon tafiyar babu daɗi: iska, ruwan sama, ƙanƙara, ga kuɗi ba sa shigowa. Shi da Doug har gaba suka yi. A lardin Quebec direbobi sun sha tura shi gefen titi. Amma a ƙaramin garin Port aux Basques, an tara masa sama da dala 10,000. Wani mai otal-otal, Isadore Sharp, wanda sankara ta kashe masa ɗa, ya tsaya masa, ya jawo kamfanoni da dama. Da ya isa Toronto a watan Yuli, mutum wajen 10,000 ne suka tarye shi.

Ranar 1 ga Satumba, kusa da Thunder Bay, tari da ciwon ƙirji suka tsayar da shi. Ya yi kwana 143 a hanya, kilomita 5,373. Sankarar ta kai huhu. A lokacin dala miliyan 1.7 ya tara. Ba a yi mako biyu ba wani gidan talabijin ya shirya gidauniya, aka samu sama da miliyan 10, kuma zuwa Fabrairun 1981 an cike dala ɗaya ga kowane ɗan ƙasa. Kanada ta ba shi babbar lambar girmamawarta, shi ne mafi ƙuruciyar da ya taɓa samun wannan matsayi. Ya rasu ranar 28 ga Yuni, 1981, saura wata guda ya cika 23. Tun daga Satumban shekarar ake gudun tunawa da shi duk shekara a ƙasashe da dama, an kuma tara sama da dala miliyan 800.

Da yau ne Terry ya kamu, mai yiwuwa ba za a yanke ƙafar ba. A manyan asibitoci yanzu, yawanci ana cire ƙashin da ya kamu ne a dasa na ƙarfe a gurbinsa, da gwiwa mai lanƙwasa. Sai dai ƙarfe ba ya warkar da kansa kamar ƙashi. Yana iya saki daga inda aka kafa shi, robar mahaɗar tana cinyewa, yana iya karyewa, ƙwayoyin cuta na iya kama shi. Wanda aka dasa wa yana ɗan shekara 15, in ya yi tsawon rai, da wuya a ce ba a sake buɗe shi an canza ba, kuma kowane canji ya fi na baya wuya saboda ƙashin da za a kafa sabon yana raguwa. Yaro kuma yana girma, ƙarfe ba ya girma, shi ya sa injiniyoyi suka ƙera wanda ake ƙara wa tsawo da maganaɗisu daga waje, ba tare da wuƙa ba.

Mu a nan matsalarmu ta fara tun kafin a kai ga ƙarfen. Saurayi a ƙauyen Birnin Gwari ya ga kumburi a gwiwa, sai a ce targaɗe ne ko jifa, a kai shi wurin mai ɗori, a yi ta matsa ana shafa. Ga tsoron hanya, ga rashin kuɗi. Kafin a isa Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sau da yawa yankewa ce kawai ta rage. Masu ɗori sun iya karaya, amma sankara ba karaya ba ce.

Saboda haka in kun je gida hutu, kuka ga ƙane ko ƙanwa da ciwon gwiwa mai hana barci da dare, ko kumburin da ya yi makonni yana ƙaruwa, ku matsa a je a ɗauki hoton ƙashi. Terry da kansa ya yi wata huɗu yana sharewa. Ku kuma 'yan injiniya da ke neman aikin kammala karatu, ku leƙa Dala ku ga irin ƙafafun roba da mutanenmu ke amfani da su, ku tambaye su inda suke gurzarsu.